Littafin Malam Tukur da Ƙosan Inna

Duk makarantar 'yan matan nan ta Bunguɗu, littafin adabin Turanci ɗaya ne tal, kuma na Malam Tukur ne, mutumin da ko tari ya yi sai aji ya yi tsit. Ranar Juma'a ya ba 'yan aji uku aikin gida: su fitar da sababbin kalmomi ashirin da ma'anarsu, su taƙaita labarin ƙarshe. Da Balkisu ta yi ƙarfin hali ta ce ba ta gane ba, sai ya miƙa mata littafin.

"Ki maido shi Litinin yadda kika karɓe shi. Cikinsa jarrabawa za ta fito."

Da safiyar Lahadi ta bar shi kan tabarma ta tafi ɗebo ruwa. Ko da ta dawo, ba littafi. Ta ruga bakin tasha inda kakarta ke suyar ƙosai, ta tarar da tsohuwa tana yago shafi hankali kwance, tana ƙunsa wa wani direba.

"Inna! Mi kika yi?"

"Ke, ba ni son ihu. Sai da na duba, babu ko harafin Larabci ciki. Takardar boko ta, kuma ga kauri, ba ta yoyon mai."

Inna ba ta taɓa tsallake takarda mai rubutun allo ba, amma ta boko a wurinta duk maƙunshi ce. Balkisu ta bi tasha tana tsintar shafuka masu maiƙo. Ta samu tara. Sauran sun hau mota, wasu Gusau, wasu Tsafe.

Litinin ta ajiye littafin gaban Malam, ta miƙa tafin hannu tun kafin a ce ta miƙa. Ya buɗe, ya shinshina, ya daɗe yana kallonta. Bai taɓa bulala ba. Ya juya ga aji ya fara karanta labarin ƙarshe da muryar nan tasa mai sanyi, har yara suka shagala. Ana tsakiyar daɗi ya tsaya cak daidai inda aka yage shafuka.

"Nan ya ƙare. Saura kwana goma jarrabawa. Mai son jin sauran, ga Balkisu nan."

'Yan mata arba'in suka juyo gaba ɗaya, ita kuwa har yanzu hannunta a miƙe yake.