Abin da Babban Titi Ya Rasa

"Kayan waya, Baba," in ji mai takalma, yana dukan bangon sabon shagon da fentinsa bai gama bushewa ba, ana shawarar abin da za a sayar a ciki. "Caja, batir, murfi. Yau ko jariri aka haifa sai ya nemi caja."

"Leƙa waje ka duba masu caja daga nan zuwa shataletale," in ji Baba Direba. "Sun fi masu wayar yawa."

"To, kantin magani."

"Ni da nake shan magani kamar abinci? Ai ni zan cinye jarin."

Muka kwashe da dariya. Ina tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu, na bar mutum a kujera da rabin aski, don duk hirar da Baba Direba yake ciki ba ta barin mutum ya zauna.

Shagon yana jikin shagon askina, bango ɗaya ya raba mu, haka ma gidajenmu. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a wannan titin, da ya ajiye aiki sai ya zuba kuɗin sallamarsa ya kama shagon saboda Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Kamfanin da take aiki ya rufe, ga yara biyu, mijinta kuma ya rasu. Kowa a layin ya san likitoci sun ce ciwon hantar Baba ya wuce aiki. Shi da bakinsa ya gaya mana, kamar mai ba da labarin taya ta yi faci.

Auta kayan kwalliya take so. Ta riga ta zaɓi kalar labule a ranta. Baba bai ce a'a ba, ya dai ce ta ba shi lokaci ya saurari titin.

"Titi kamar fasinja ne," ya ce mini. "In ka yi shiru, da kansa zai gaya maka inda zai sauka."

Kullum da safe sai ya jawo kujerar roba ya zauna a ƙofar shagon da babu ko allura a ciki, da fulas ɗin shayinsa a gefe. Ba ya karatu, ba ya sauraron rediyo. Kallo kawai. Jikinsa kullum raguwa yake, riga ta koma kamar aro, amma idanun nan sai ƙara haske suke.

Wata rana ya shigo in gyara masa gemu. Da na ɗaga haɓarsa na ji wuyan a hannuna kamar na ɗan tsako, sai da na riƙe numfashi kafin in ɗora aska. Shi kuwa ba fuskarsa yake kallo a madubi ba. Titi yake kallo ta ciki, kamar yadda ya saba a bas.

"Ɗana, ka ga matar can mai shuɗin mayafi?"

"Na gan ta, Baba."

"Ta gangara, ta hauro, ga ta ta sake gangarowa. Duk shagon da ta shiga hannu wofi take fitowa. Jinya take yi."

"Ka san ta ne?"

"Ban taɓa ganinta ba. Dubi ƙafarta, silifas ɗin banɗaki ne. Dubi yadda ta damƙe waya, tsoro take kada a kira. Je ka tambaye ta abin da take nema."

Na fita da tawul a kafaɗa ina jin kunya. Matar ta ce mahaifiyarta ce kwance a asibitin da ke saman titi. Fulas take nema da ɗan matashin kai, kowa yana ce mata sai babbar kasuwa, ita kuma babu wanda za ta bar wa tsohuwar.

Na dawo na faɗi abin da ta ce. Baba ya ce in juye shayinsa a kofi, in ɗauraye fulas ɗin in kai mata.

"Ba ita kaɗai ba ce," ya ce da na koma kan gemun. "Tun da na zauna a nan nake ganinsu. Mai neman bokiti, mai neman tawul, mai neman cokali. Da ina da lafiya na bi titin nan har duwatsunsa sun san ni, ban taɓa lura da su ba. Sai da na zama ɗan gida a asibitin."

Da yamma ya gaya wa Auta. Ta bango nake jin su, don shagon da babu kaya ba ya riƙe magana.

"Baba, don Allah ka bar wannan zancen," ta ce. "In wuni ina kallon masu jinya? In riƙa cin abinci da ciwon mutane?"

"Ba ke kika sa musu ciwon ba, Auta. Tafiyar za ki rage musu."

"Duk wanda ya shigo, kai zan riƙa gani."

Sai na ji ya ce, "Gaskiyarki. Shagonki ne, ke za ki zauna a ciki. Ni na kawo mota tasha, ban isa in ce ga inda za ki nufa ba."

Bai sake tayar da maganar ba. Da kafinta ya zo auna bango, cewa ya yi a yi kanta wadda kowane irin kaya zai zauna a kai.

Ana cikin aikin kantar ne ya zame daga kujerarsa da hantsi. Ni da mai takalma muka ɗauke shi, nauyinsa bai kai na buhun auduga ba. Aka ba shi gado a asibitin, Auta ta tare a wurinsa.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, ina aski na hango ta a madubi. Ta shiga wancan shago ta fito, ta tsallaka ta shiga wani. Silifas ne a ƙafarta, waya damƙe a hannu. Da ta iso ƙofar shagonta da ke kulle sai ta ja ta tsaya. Ta dubi ƙafafunta, ta dubi ƙofar, ta daɗe a haka kamar an dasa ta.

Na fito na ce, "Auta, me ake nema?"

"Kofi mai ɗan baki, Yaya. Ba ya iya ɗaga kai, ruwa sai zubewa yake a wuyansa." Ta share ido da gefen mayafi. "Duk titin nan babu."

Na ce ta koma wurinsa. Na ba wanda nake yi wa aski haƙuri, na hau babur zuwa babbar kasuwa, ina gudu ina roƙon Allah kada in makara.

Na kawo kofin asibiti, na same shi ido biyu. Hasken la'asar ya kwanta a kan zanin gadon, fuskarsa ta yi fes kamar an wanke ta da madara. Auta ta tallafi ƙeyarsa ta sa masa bakin kofin. Ya sha a hankali, ko ɗigo bai zuba ba.

"Kin sha yawo," ya ce mata.

"Na gani, Baba. Na ga abin da ka gani."

"To ba don ki gani na kwanta ba, kada ki ɗora mini laifi."

Ta yi dariya hawaye na zuba. Ya kama yatsunta.

"Ki ajiye turarenki da man shafawarki a gefe guda. Wanda aka sallama yana son ya koma gida da ƙamshi. In kuma mutum ya dawo miki da kaya a ledarsa bai buɗe ba, ki karɓa. Kada ki tambaye shi dalili."

Sai ya juyo gare ni. "Ɗana, buɗe mini tagar nan in ji motoci."

Na buɗe. Hayaniyar titi ta shigo, hon da birki da kiran masu talla. Ya lumshe ido yana saurare, har ya ɗan yamutsa fuska ya ce wancan direban yana wahalar da giyar motarsa. Daga nan leɓensa ya fara motsi da kalmar shahada, numfashin yana raguwa kaɗan-kaɗan, babu fizga babu gargada, kamar ƙwararren direba yana tsayar da mota ba tare da fasinja ya farka ba. Ban san lokacin da ya tsaya ba. Sai da nas ta zo ta taɓa wuyansa ta dube mu. Na taɓa ganin mutuwa, amma ban taɓa ganin wanda ya shige ta da natsuwa haka ba.

Da aka share makoki Auta ta buɗe shagon. Bokitai a ƙofa, fulas da tawul da kofuna a kanta, turare a ɗan lungu kusa da taga.

Jiya da hantsi wani magidanci ya sayi sabulu da bargo. Ya zauna a dakalin ƙofarta don ya ɗaura igiyar takalminsa, barci ya sace shi a nan, kansa jingine da bango, ledar a cinyarsa. Auta ta leƙo shagona ta ɗora yatsa a leɓe. Na rage rediyo. Ta koma ta tsaya a gefensa, daidai inda rana ke dukan fuskarsa, inuwarta ta rufe shi.