Bakin Atika Ya Riga Idonta

Sodangi mutumin garin Zakka, in ka ji yana jan sura a sallar nafila, sai ka rantse ya sauke Alƙur'ani. Alhali duk aikin kunne ne. Ƙuruciyarsa a gudun harin Maraɗawa ta ƙare, yau suna kan dutse gobe suna daji, wa yake ta allo? Ko da ƙasa ta lafa gemu ya riga ya fito, kunya kuwa ta hana shi zama cikin yara.

Da ɗiyarsa Atika ta fara babbaƙu, wato koyon sunayen haruffa, a makarantar Malam Rabe, sai ta riƙa kawo masa allonta in ya dawo daga gona. A wurinta ba abin da Baba bai sani ba, shi kuma wannan yarda tata ta fi masa rumbu cike da gero. Sai ya karɓi allon, ya gyara murya, ya ja sura tiryan-tiryan, yatsansa na yawo inda ya ga dama. Yarinya ga kaifin kai, ta kwashe duka, har da yawon yatsan.

Ran nan Malam Rabe ya tare shi a bakin rijiya. Da suka gama gaisawa, aka tambayi iyali da damina, Malam ya ce yarinyar tana zuba karatu kamar ruwa, amma in aka nuna mata baƙi ɗaya sai ta yi zuru. Abokan shigarta sun shiga farfaru, wato suna haɗa harafi da wasali, ita tana nan jiya i yau. Lalle akwai mai biya mata a gida ba daidai ba. Bai faɗi suna ba, bai ma dubi fuskarsa ba. Sodangi ya gwammace a ce zaginsa ya yi.

Hanya mai sauƙi tana nan. Matarsa Saude ɗiyar malaman garin Babban Duhu ce, tana karatu sarai, kawaici ne ya sa ba ta taɓa tanka masa ba. Yana iya cewa noma ya yi yawa, a koma wurin uwa, asirinsa a rufe. Ya yini yana juya wannan a ransa a gona, zuciyarsa ba daɗi, don ya san ƙarya ce zai ɗora a kan ƙarya.

Bayan la'asar Atika ta zo, ta ɗora yatsa a kan wani harafi mai ɗigo a ƙasa.

"Baba, wannan fa, mi sunansa?"

"Ban sani ba, Atika," in ji shi. "Ko ɗaya ban sani ba. Ba a taɓa koya mani ba."

Bawan Allah ya sunkuyar da kai, yana jiran abin da ya fi tsoro. Can a tsakar gida ƙarar taɓaryar Saude ta tsaya.

Atika ta matsa, ta gyara allon ya zauna rabi a cinyarta rabi a tasa.

"Inna," ta kira, "zo ki biya mana, mu biyu ne."