Tukwanen Duktur Sharfuddeen

A shekarar da aka sallami Duktur Sharfuddeen daga aiki, Zulaiha tana tsakiyar karatun digirinta na biyu a sashen nazarin tsirrai na wata jami'a a Khartoum. Ba wanda ya gaya mata an sallame shi. Ta zo da safe kamar kullum, ta tarar da ofishinsa a garƙame, an ɓamɓare sunansa daga jikin ƙofa. Ta tambayi masinja, ya ce shi dai ya ji ana cewa don maslahar jama'a ne. Ta ce wace jama'ar? Ya dube ta, ya dubi bayansa, ya wuce da tiren shayinsa. Sojoji ne ke mulki a lokacin, malamai da dama sun bar aiki ta wannan hanya, mutane kuma sun koyi taƙaita tambaya.

Abin da Duktur ya bar mata yana bayan sashen, a wata rumfar raga. Tukwane ne cike da ƙananan tsirran da ya yi shekaru yana tsintowa daga duwatsun gabas da busassun kwaruruwan Kordofan. Ba su da ganye. Jikinsu kamar yatsun hannu yake, masu kusurwa huɗu da 'yan haƙora a gefe, cike da ruwa, shi ya sa fari bai cika damunsu ba. Dangin tumfafiya ne, ko da yake wanda ya gan su ba zai yarda ba. Aikin Zulaiha shi ne ta rarrabe su, ta faɗi wanne ɗan'uwan wanne ne. Kowace tukunya tana da ɗan katako a soke cikin ƙasarta, ɗauke da sunan tsiron da wurin da aka samo shi.

Bayan 'yan makonni aka ce a kwashe rumfar, za a mayar da wurin ma'ajiyar kayan atisayen ɗalibai. Zulaiha ta je wurin sabon shugaban sashe ta tambayi inda za ta kai tukwanen. Ya ce ta tambayi malaminta. Ta ce malaminta ba ya nan. Ya ce to ta jira a naɗa mata wani. Ta ce gobe za a rushe rumfar. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da rubutunsa.

Sai ta nemo mai karo, wato mai keken jaki, suka loda tukwanen suka nufi Mayo, unguwarsu da ke kudancin Khartoum. Hanyar doguwa ce, ga ramuka. Kusa da kasuwa wata babbar mota ta matso su, jakin ya firgita, ƙafar keken ta faɗa kwata. Tukwane kaɗan ne suka fashe, amma kusan duk sun kife, katakan sunaye suka watse a ƙasa. Mutanen kirki suka taru suna taya ta. Kafin ta buɗe baki, kowa ya tsinci katako ya soka a tukunyar da ta fi kusa da hannunsa.

"Ga shi nan, ba abin da ya ɓata," in ji mai karo, yana karkaɗe hannu.

Zulaiha ta tsaya tana kallon tukwanen, kowacce da katakonta tsaf.

A gida mahaifiyarta Mariyamu ta fito tana goge hannu da gefen mayafi, ta leƙa.

"Wannan ai karan masallaci ne," ta ce. "Kakarki tana faɗin irinsa, wai a can ƙasar Hausa a gindin katanga yake fitowa. Shi ne kike karatu a kai duk shekarun nan?"

"Ba iri ɗaya ba ne, Inna. Kala-kala ne."

"Ni dai ɗaya nake gani."

Abin haushin, ita ma Zulaiha yanzu kusan ɗaya take gani. Ta jera su a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, ta tsuguna tana dubawa har ƙafafunta suka yi sanyi. Wasu tana iya tunawa, kamar mai kaurin nan da ya kusa kai gwiwa. Amma yawancinsu jikinsu yakan canja da inuwa da ruwa: wanda ya yi ja a rana sai ya koma kore, siriri ya yi kauri. Duktur ya sha gaya mata kada ta amince da jiki, fure kaɗai ke faɗin gaskiya. Sai an buɗe furen an duba ɗan kambin da ke tsakiyarsa sannan a san ko wane ne. Ba ta da zaɓi sai jiran damina.

Ta roƙi mahaifiyarta kada ta ba su ruwa. Mariyamu ta ce to. Amma Mariyamu mace ce da ta yi rabin rayuwarta a gonakin audugar Jazira, ba ta iya wuce shuka a busasshiyar ƙasa ba tare da zuciyarta ta sosu ba. Zulaiha takan dawo daga makaranta ta taɓa ƙasar tukwanen ta ji danshi.

"Inna, kin ba su ruwa."

"Ɗan na wankin kofuna ne kawai na watsa. A wannan zafin ko kare ka gani ai ka ba shi."

A makaranta ma abin bai fi sauƙi ba. An naɗa mata sabon malami, mutumin kirki amma masanin ƙwarin auduga ne. An kuma zo da dokar cewa duk karatu ya koma Larabci, don haka ya ce ta nemo wa kowane tsiro sunansa na Larabci. Ta nema. Ta tarar suna ɗaya makiyayan gabas suke kiran iri uku da shi, a yamma kuma sunan nan na wata ciyawa ce dabam. Ana cikin haka wata mujallar da Duktur ya yi oda tun kafin tafiyarsa ta iso a makare. Ta karanta a ɗakin karatu, ta ga masana a waje sun tsaga babban gidan Caralluma, wanda yawancin tsirranta ke ciki, sun raba wasu 'ya'yansa zuwa sababbin gidaje da sababbin sunaye, wasu masanan kuma sun ce ba su yarda ba. Wato ko da katakan ba su cakuɗe ba, wasu sunayen da ke jikinsu sun riga sun tsufa. Ta rufe mujallar ta daɗe tana kallon fankar da ba ta juyawa.

Da ruwan farko ya sauka, wani wari ya tashi a gidan. Mahaifinta Zubairu ya ce ɓera ne ya mutu. Aka ɗaga gadaje, aka leƙa bayan randa, aka zazzage buhunan gawayi. Maƙwabta suka aiko a tambaya ko lafiya. Zulaiha ta dawo da la'asar ta ga ƙudaje sun yi dandazo a gefen rakuba, sai ta jefar da jakarta ta ruga.

Fure ne. Tauraro mai yatsu biyar, ja mai duhu kamar hanta, da siraran gashi a gefe suna rawa ko babu iska. Warin ruɓaɓɓen nama yake yi don ya yaudari ƙudaje su ɗaukar masa ƙurar haihuwa zuwa wani furen.

"Wannan ƙazantar kike wa murna?" Zubairu ya tambaya, hannunsa a hanci.

"Baba, shi nake jira tun bazara."

Ta ɗauko madubin ƙara girma da littafin rarrabewa, ta bi shi mataki-mataki. Gashin gefen ya kai ta ga wani iri, amma kambin tsakiya ya ƙi. Ta bi ta kambin, sai launi da girman furen suka ƙi. Ta sake daga farko, ta sake. Ta duba duk sunayen da ke jikin katakan, babu wanda furensa ya yi kama da wannan. Ta fara zargin idonta, daga baya ta fara zargin littafin.

Washegari ta yanke furen ta sa a gwangwanin madara da jiƙaƙƙiyar auduga, ta shiga motar Omdurman. Wata tsohuwar ɗaliba ce ta kwatanta mata gidan Duktur. A cikin mota fasinjoji suka yi ta kallon juna, wata mata ta ja ɗanta ta shinshina wandonsa. Zulaiha ta danne murfin gwangwanin da tafin hannu har suka haye gada.

Matar Duktur, Sittana, ce ta buɗe ƙofa. Ta yi mata maraba, sannan ta rage murya ta ce an tsare shi na wani lokaci bayan sallamar, ba ya son a yi zancen, kuma kada ta damu idan ya yi shiru. Yana zaune a kan gadon igiya cikin farar jallabiya. Ya rame sosai. Ya kira ta Husna, sunan wata ɗaliba da ta gama tuntuni, ita kuwa ba ta gyara masa ba.

Da ta buɗe gwangwanin sai fuskarsa ta canja. Ya nemi tabarau, ya matsa bakin taga, ya daɗe yana juya furen da tsinken ashana.

"Ina kika samo wannan, 'yata?"

"A tukwanenka ne, Duktur."

"A'a."

"Daga rumfa na kwaso su duka. Sunayen ne suka cakuɗe a hanya."

"Na manta abubuwa da yawa," ya ce a hankali. "Jiya na manta hanyar masallaci. Amma wannan ban taɓa tsinto shi ba. Da na taɓa ganinsa da ban manta ba." Ya sake dubawa. "Ko na manta ne? Sittana, na taɓa zuwa da irin wannan?"

Sittana ta ce ita duk warinsu ɗaya take ji.

Ya ce wataƙila baƙon iri ne da ba a taɓa rubutawa a ƙasar nan ba, wataƙila kuma ƙuda ne ya haɗa iri biyu suka haifi wannan. Ba za a sani ba sai an san inda ya fito. Tsiron da ba a san mahaifarsa ba, in ji shi, ba masanin da zai karɓe shi. Ta tafi ta bar shi riƙe da furen, ya ƙi mayar mata.

A gida ta zauna gaban mahaifiyarta ta ba ta labari, don kawai ta sami wanda za ta gaya wa. Mariyamu tana tsintar shinkafa, sai hannunta ya tsaya.

"Wace tukunyar?"

"Mai tsaga a baki."

"Wannan kam na Bakhita ne."

Bakhita maƙwabciyarsu ce, yaƙi ya koro ta daga duwatsun Nuba, tana sayar da shayi a bakin titi. Mariyamu ta yi bayani ba tare da ta ga wani abin tashin hankali ba. Na cikin tukunyar ya ruɓe ya zama ruwa, ta ga Zulaiha za ta ji ciwo, Bakhita kuwa tana da irinsa a bayan ɗakinta, sai ta karɓo reshe ta dasa.

"Guda nawa kika canja, Inna?"

"Waɗanda suka mutu."

"Su nawa ne suka mutu?"

Mariyamu ta dubi jerin tukwanen, ta nuna wannan, ta nuna wancan, ta ce a'a, ba wancan ba, ko kuwa shi ne. Wasu ma ba daga Bakhita ba, ta ce, reshen na kusa ta karya ta soka.

Zulaiha ba ta yi faɗa ba. Ta sa mayafi ta nufi wurin shayin Bakhita, don in dai an san dutsen da tsiron ya fito, to da sauran magana. Bakhita ta ce daga dutsen garinsu ta taho da shi a ƙullin zane, maganin ciki ne. Ta faɗi sunan dutsen da yarensu, ta ce Larabawa kuma wani suna suke kiransa, ta manta shi. Garin ma yanzu ba kowa, hanya a rufe. Tana zuba wa wani shayi sai ta juyo.

"Tsaya. Wanda na taho da shi kamar ya bushe a shekarar farko. Ina jin wannan matar yayana ce ta kawo mini daga unguwar Dar Salam."

"Ita a ina ta samu?"

"Allah ya jiƙanta, bara ta rasu."

Zulaiha ta karɓi shayin da aka miƙo mata ta shanye, ba ta ji ɗanɗanonsa ba.

Da ta gaya wa sabon malaminta, ya saurara har ƙarshe, ya ce bai gane duka ba, amma lokaci na tafiya. Ya ba ta shawarar ta koma nazarin ciyayin da ke damun gonakin kayan lambu a Soba, waɗanda mutum zai je ya tsuguna ya gan su a inda suka tsiro. Ta amince. A kansu ta rubuta kundinta da Larabci, ta kuma ci. Tukwanen suka zauna a ƙarƙashin rakuba. Tsiron mai tsagaggiyar tukunya bai sake fure ba, da tukunyar ta ƙarasa fashewa kuma Zubairu ya rarraba rassansa cikin sauran don kada su lalace.

Wata ranar Juma'a da hantsi Bakhita ta shigo tana riƙe da ciki. Nata na bayan ɗaki akuya ta tumɓuke, ta zo a sam mata daga wanda ta bayar. Su uku suka tsuguna gaban tukwanen. Mariyamu ta ce wannan ne. Bakhita ta ce nata bai kai haka kauri ba. Suka juyo ga Zulaiha, mai digiri biyu, ta ce wallahi ba ta sani ba, kuma gara a je asibiti. Bakhita ta ce za ta je idan wannan bai yi ba. Ta karya ɗan reshe, ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Shi ne," ta ce. "Ga ɗacin nan."

"Ai kusan dukansu ɗaci gare su, Khala," in ji Zulaiha, tana kiranta gwaggo da Larabci.

Bakhita ta dubi reshen da ke hannunta, ta dubi sauran tukwanen, sannan ta ƙulle shi a bakin mayafi ta ce a ba ta ruwa ta kurkure baki.