Akwatin da Aka Ɗinka wa Riga

A shekarar da Munkaila ya kawo injin wankin mota Birnin Konni, taubashinsa Illo ya rame, kuma ba ciwo ya yi ba. Wuraren wankinsu suna kallon juna a kan hanyar iyaka. Da can kowa da bokiti da soso yake aiki, direbobi suna raba kansu tsakanin su biyun. Yanzu motocin Dogarawa da na Malbaza sun yi layi a wancan tsallaken, Illo kuwa yana zaune a kan duro, sosonsa ya bushe ƙayau. Ba ya roƙon Allah komai sai direbobin nan su dawo masa.

Injin dai famfo ne da mesa, sai wani farin akwati manne a bango, wanda yake ƙara wa famfon gudu ko ya rage, gwargwadon ƙarfin ruwan da ake so. Tanimun mai gyaran wuta, wanda aka ɗauko daga Maraɗi ya kafa shi, ya ce sunansa bariyata. Ranar kafawa Munkaila yana can yana raba goro yana karɓar barka. Wanda ya tsaya a bayan Tanimun, wuya a miƙe, ya ji bayani kaf, shi ne Illo.

"Zafi da laima ke kashe shi," in ji Tanimun, yana ɗaure waya. Ya zaci ɗan gida yake gaya wa. "Ramukan nan na sama da ƙasa, ta nan yake shan iska. Kada a toshe su. In jar fitila ta kama, a duba fankar ciki kafin a sake kunnawa."

Illo ya ce to, ya adana zancen a cikinsa.

Kullum da hantsi sai ya tsallako, wai ya zo aron ashana.

"Taubashi, ka zo kallon silima?" in ji Munkaila, yana feshe tayar wata Fijo.

"Mi za ni kalla? Akwati dai na. Har na kakarmu ya fi shi kyau."

"Na kaka tsumma yake ajiyewa. Wanga abinci yake kawowa."

Direbobi suka yi dariya. Illo ma ya yi, amma idonsa yana bango.

Tsahara, uwar Munkaila kuma gwaggon Illo, ita ce ta lura. Ta kawo wa ɗanta fura, ta ga yadda ɗan wanta yake kallon akwatin ko ƙiftawa babu, ta ce a hankali, "Munkaila, idon yaron ga bai yi mini ba. Abin arziki ba a barin shi tsirara." Ta je wurin dukawa, suka ɗinka wa akwatin rigar jar fata mai tuntaye, da layu a kowace kusurwa. Rigar ta zauna masa cif, ba inda iska za ta ratsa.

Illo ya gani daga kan duronsa. Ya miƙe, har ya kai tsakiyar titi, sai wata motar Tsarnawa da shi ke wanke ta tun tana sabuwa ta wuce shi ta shiga layin Munkaila. Ya juya ya koma ya zauna.

Bazara ta shigo. Da rana ta take, sai ruwa ya yanke ana tsakiyar wanki. Munkaila ya ɗaga bakin rigar, ya ga jar fitila, ya kashe, ya kunna, aiki ya ci gaba. Kashegari haka. Ya zagi masu ba da wuta, ya canza waya, ya canza mesa. Da safe lafiya lau, da rana tsiya. Da rana kuwa ne Illo yake rasa abin yi, ya zauna ya zuba wa tsallake ido. Tsahara ta haɗa biyu da biyu yadda ta iya, ta sa aka ƙara bargo a kan fatar.

Wata Laraba, ranar kasuwa, layi ya kai har gindin bishiyar bedi. Aka ji tas, sai warin ƙonannen roba. Da Munkaila ya yaye bargon, hayaƙi ya biyo hannunsa.

A daren nan Illo ya ci tuwo har da ƙari. Da asuba ya cika duronsa, ya sayi sabon sabulu, ya share fili.

Motoci suka zo. Suka tsaya a wancan tsallaken, inda Munkaila yake wanki da hannu, yana ba kowa labari. Labarin ya riga ya gama tasha: idon Illo ya huda fata da bargo da layu, ya ƙone ƙarfe.

Illo ya tare Maikano direba, tsohon abokin cinikinsa, yana shirin shiga layi.

"Maikano, ga wuri babu kowa. Kawo ta nan."

Maikano bai kashe mota ba, ya ɗaga gilashi rabi. "Malam Illo, don Allah ka yi haƙuri. Sabon inji na sa mata."

"Wallahi zafi ne ya kashe akwatin nan! Sun toshe masa iska. Mai gyara ya faɗa, da kunnena na ji."

"Ka ji?"

"Na ji!"

"Tun yaushe?"

Illo ya kau da kai, ya dubi duronsa.

Maikano ya dube shi na ɗan lokaci. "Ashe da ido ne ma da sauƙi," ya ce. Ya ƙarasa ɗaga gilashin, ya tsallaka titi.