Ranar da Alƙali Ya Tambayi Kubra

Kubra tana 'yar shekara tara auren iyayenta ya mutu. Babanta, Magaji, direba ne a tashar Ƙauran Namoda. Innarta, Saliha, ta kwashe ta tare da ƙanenta Jelani, wanda bai daɗe da iya magana ba, suka koma gidan kakarsu ta wajen uwa a Moriki. Da Saliha ta samu wani miji a Jangeru, sai Magaji ya kai ƙara kotu a Zurmi, yana neman a ba shi ɗansa namiji.

A shekarar ne aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, kuma duk abin da yara suka sani game da kotu shi ne bulala. Tunda Kubra ta ji har da ita za a tafi, abinci ya fita ranta.

Goggonta Asabe, ƙanwar Magaji, malamar Islamiyya ce. Ta zo Moriki ta tarar da yarinyar a bayan rumbu tana kuka.

"Goggo, mi na yi za a buge ni?"

"Ba ki yi komi ba, kuma babu mai taɓa ki. Alƙali zai duba inda ya dace ku zauna ne. In ya tambaye ki, faɗi abin da ke ranki, ko da ba zai yi wa babanki daɗi ba."

Ranar zaman, alƙali ya sa kowa ya fita, ya bar Kubra da Goggo.

"Ɗiyata, mi kike so in sani?"

Kubra ta ce, "Allah shi gafarta Malam, wurin Inna nike so."

Alƙali ya dube ta ya ce:

"Ba zan ruɗe ki ba. Tunda Inna ta yi aure, riƙonku ya bar hannunta. Wannan ba ni da ikon sauya shi."

Sai Kubra ta ce:

"To kada a raba ni da Jelani. Ba ya cin tuwo sai ni na gutsura mishi."

Aka dawo da jama'a. Alƙali ya yanke cewa yaran biyu za su zauna wurin kakarsu a Moriki, Magaji ya ciyar da su, ya gan su duk lokacin da ya so. Magaji ya kaɗa riga ya fita. Ko kallon Kubra bai yi ba.

Da ranar tarewar Saliha ta zo, Kubra ta goya Jelani suka raka ta bakin hanya. Saliha ta dafa kan Kubra, ta shiga mota. Jelani ya yi ta miƙa hannu yana kiran Inna har barci ya kwashe shi. Kubra ba ta yi kuka ba sai da kakarsu ta sauke mata shi daga baya.