Datun 'Yan China

Shekara biyu Atiku ya yi yana tuƙa wasu injiniyoyi 'yan China masu aikin hanya. Da aiki ya ƙare ya dawo gida Kalgo da labari iri-iri, amma wanda ya fi damun matarsa Hadijatu da shi shi ne na wani haɗin kabeji da kukunsu yake yi. Ko tuwo ta ajiye masa sai ya tuna da kabejin nan. Har wata 'yar kwalbar baƙin ruwan waken suya kukun ya ba shi ranar sallama, ya adana ta cikin akwatin tufafinsa kusa da turare.

Ranar wata Asabar mahaifiyarsa, Inna, ta zo daga Gwandu. Tana shan fura Atiku ya soma ba ta labarin. Hadijatu ta tashi ta shiga kicin ta fito da wuƙa da faranti ta ajiye a gabansa.

"Malam, yau dai a yi mana shi mu huta."

Gaban Inna ba halin ja da baya. Ya hau babur ya je kasuwa ya sayo kabeji da karas da albasa mai lawashi, da ɗanyar citta, tafarnuwa, lemun tsami da man riɗi. Ya naɗe hannun riga ya zauna a kan turmi. Sai a lokacin ya gane cewa ci kawai ya iya, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yanka ba. Kabejin ya fito ɓaro-ɓaro kamar za a ba awaki. Hadijatu ta kalla ta kalla, ta karɓe wuƙar, ta yanka siri-siri, ta goge karas ɗin. Shi kuma ya koma ba da umarni daga tsaye.

Ruwan haɗin kam shi ya yi da kansa. Ya daka citta da tafarnuwa, ya matse lemu, ya zuba mai da zuma kaɗan, sannan ya ɗauko kwalbar. Inna ta miƙa hannu, ta buɗe ta shinshina.

"Wannan ai daddawa ce aka jiƙa," ta ce.

Ya yi ta bayani cewa daga China take, ta ce to su ma suna da daddawa ke nan. Ya juya komai, ya barbaɗa soyayyar gyaɗa, ya ajiye mata. Inna ta zauna tana jira. Da ya tambaye ta me take jira, ta ce a ɗora a wuta mana. Ya ce haka ake ci ɗanye.

Ta yi bisimilla ta kai loma, ta daɗe tana tauna, ana jin ƙarar kabeji har ƙofar ɗaki. Sai ta ce wannan datu ne, wato kwaɗo, sai dai an manta ƙuli. Ta kwance jakarta ta ciro ƙuli-ƙulin da ta kawo musu tsaraba, ta sa Hadijatu ta daka mata da yaji, ta zuba ta cakuɗa da hannu. Atiku ya riƙe kai yana cewa an ɓata masa aiki. Inna ta tura masa farantin. Ya ɗanɗana don kunya, ya ƙara, ya jawo tabarma ya gyara zama. Su uku suka cinye tas.

Bayan mako biyu ƙanwarsa Halima ta kira shi daga Gwandu tana dariya. Ta ce Inna ta yi datun kabeji a sunan maƙwabta, mata sun yi ta tambayar yadda ake yi, ita kuwa tana gaya musu ita ce ta je Kalgo ta koya wa ɗanta da matarsa.