Jan Biron Masta Sha'aban

Salimatu ta riga ta zuba ƙosai uku a wata takarda, za ta naɗe, sai 'yarta Shamima ta cafke mata hannu.

"Mma, tsaya! Ina kika samo wannan?"

"Abibatu matar Masta ta ba ni, da za ta koma Yendi yin takaba. Ta ce tarkace ne."

Kwana tara ke nan da binne Masta Sha'aban, hedimastan makarantar da Salimatu take sayar da koko da ƙosai a bakinta, nan Salaga. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma shi ke ba ta tsofaffin takardu tana naɗe ƙosai. Shamima tsohuwar ɗalibarsa ce, yanzu tana koyarwa a Bawku, gaisuwar mutuwar ce ta kawo ta.

"Katin sakamako ne, irin wanda ake ba yara ƙarshen zango," in ji Shamima. "Amma sunansa ne a sama. Kansa yake yi wa maki, Mma."

"Karanta mini."

"Hali: malalaci. Ƙwazo: babu. Shawara: bai cancanci kujerar nan ba."

Ta ɗaga na ƙasa, ta ɗaga na ƙasansa. Sun fi talatin, duk da jan biro.

Salimatu ba ta yi mamaki ba, ranta ne ya ɓaci. Ai ta san muryar nan. Kullum da safe, yana alwala a bayan katanga, sai ta ji shi: "Sha'aban, kai ba komai ba ne. Yara arba'in, tara sun faɗi. Kai ka kayar da su." Talatin da ɗayan da suka ci fa? Oho, waɗannan ba ya lissafa su.

Sau ɗaya ta taɓa leƙawa ta ce, "Masta, wa kake zagi haka da sassafe?"

Ya yi dariya. "Wani ragon ma'aikaci ne, Mma Salimatu. In ban matsa masa ba, ba ya motsi."

Mutumin da ya hau rufin aji da kansa ya toshe yoyo, wai shi ne rago! Da ƙafafunsa suka fara kumbura, ta ce ya je asibiti.

"Sai yara sun gama jarrabawa. Me na yi da zan kwanta?"

Ana saura kwana biyu jarrabawar ya faɗi a bakin allo, da alli a hannu.

Ranar sadakar uku manyan ofishin ilimi suka zo da mota, suka cika tabarma da yabo. Gwarzo ne, ba a taɓa irinsa ba, kaza da kaza. Salimatu ta ji kamar ta watsa musu koko mai zafi. Shekara goma sha ɗaya ba sa zuwa sai da laifi a baki, yau da ba ya ji suka iya magana.

To ita fa? Nan ne abin yake ci mata rai. Shi ya zo har gindin murhun nan ya hana ta cire Shamima daga makaranta. Kullum tana cewa za ta shiga ta gode masa da kyau, ta zauna ta faɗa masa ko shi wane ne. Sai dai ta ƙara masa ƙosai biyu, tana ganin ya gane. Ashe bai gane ba.

"Akwai na ƙarshe," in ji Shamima. "Suna kawai ya rubuta."

"Kina da biro?"

"Ja ne a jakata."

"Ban son ja."

Shamima ta aro shuɗi wajen mai shago. Salimatu ta goge hannu a zani.

"Rubuta: ya yi ƙoƙari. Rubuta da manyan baƙi."

Sauran katunan ta tura su ƙarƙashin kasko ɗaya bayan ɗaya, man ya ci gaba da tafasa. Na ƙarshen da Shamima ta cike, da suka koma gida ta ɗora shi kan katanga, daidai inda yake ajiye butarsa, ta danne da dutse.